Tsakanin Guga da Moɗa: Tanadin Ruwan Sha a Lokacin Tashin Hankali a Kudancin Katsina

Ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna jere ne a kudu maso yammacin Jihar Katsina, inda jihar ta yi iyaka da Zamfara ta yamma, ta kuma taɓa ƙasar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. Ƙasa ce ta masara da dawa da auduga wadda daminarta ta fi ta arewacin jihar nauyi, amma albarkar sama ba ta sauka har ƙarƙashin ƙasa ba, domin yankin yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa sai a cikin tsagoginsa da kuma ruɓaɓɓen saman da ya rufe shi. Saboda haka rijiyar da ake ɗiba da gajeriyar igiya a watan Satumba takan ja da baya tun kafin bazara ta tsaya, har a wayi gari ana kwana a bakinta ana jiran ta tara abin da guga zai kamo. Wannan wahala ce da aka gada, kuma mutanen yankin sun san yadda ake zama da ita. Abin da ba a gada ba shi ne yadda hare-haren 'yan bindiga suka shiga tsakanin mutum da ruwan da ya saba sha.

A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara, watanni shida bayan kisan da aka yi a ƙauyen Kadisau na Faskari, kuma a ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar da ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana manyan motoci fito da itace daga daji, sannan a watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku. A wannan shekarar ce kuma annobar amai da gudawa, wato kwalara, ta mamaye Najeriya, inda hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙirga mutum fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu, wasu sama da 3,600 suka rasu, kuma Katsina tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Idan aka haɗa waɗannan abubuwa wuri guda za a ga cewa larurar ruwa a wannan yanki fuska biyu gare ta. Akwai gidan da yake nan a garinsu amma rafi ko rijiyar bayan gari ta zama wurin da ba a zuwa, akwai kuma gidan da ya tashi cikin dare da abin da hannu ya iya ɗauka, ya sauka a ajin makarantar firamare ko a zauren wani ɗan'uwa a Funtua, inda rijiya ɗaya da masai ɗaya suka koma na mutum ɗari. Dabarar da ta dace da na farko ba lallai ta yi wa na biyu amfani ba.

Ƙa'idojin agaji na Sphere, waɗanda ƙungiyoyin jin ƙai na duniya suke aiki da su a sansanonin gudun hijira, sun ƙiyasta cewa mutum yana bukatar lita 2.5 zuwa 3 a rana domin sha da abin da ke cikin abinci, sannan a ƙalla lita 15 idan aka haɗa da girki da wanke jiki. Gidan mutum takwas ke nan yana bukatar kimanin lita 24 ta sha kawai a kowace rana, wato kusan jarka ɗaya irin rawayar nan ta man gyaɗa mai cin lita 25, kuma tanadin kwana uku jarka uku ne. Kowace lita nauyinta kilo ɗaya ne, don haka macen da take goye da yaro tana jan wani a hannu ba za ta yi nisa da cikakkiyar jarka a ka ba. Daga wannan lissafi mai sauƙi ne hukunci na farko yake fitowa: mai zama a gida ya tanadi ruwan kansa, mai shirin tashi kuwa ya tanadi abin gyara ruwan da zai tarar a gaba, domin shi ne ba ya da nauyi.

Ruwan da ke kwantar da mutane yawanci ba dafi ke cikinsa ba, ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, waɗanda suka fito daga bayan gidan mutum ko na dabba suka sami hanyar komawa baki. Su ne ke kawo kwalara da taifod da atuni, da wani nau'in ciwon hanta mai sa shawara wanda ya fi tsananta ga masu juna biyu, irin wanda ya ɓarke a cikin 'yan gudun hijira a yankin Diffa na Jamhuriyar Nijar a 2017. A nan akwai wani ruɗani da ya kamata a warware cikin girmamawa. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san cewa malaman Malikiyya suna auna ruwan tsarki da kamanninsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa, kuma ma'auni ne ingantacce a babinsa, wato alwala da wanka. Sai dai tsarkin ibada daban, amincin ciki daban, domin ruwa yana iya zama garau kamar idon zakara, babu wari babu ɗaci, alhali yana ɗauke da abin da zai zubar da ruwan jikin yaro cikin yini guda. Ƙwayar kwalara ba ta canja launin ruwa ko ɗanɗanonsa.

Gyaran ruwa aiki biyu ne da mutane sukan ɗauka ɗaya ne: fitar da laka da dauɗar da ake gani, sannan kashe abin da ba a gani. Na farkon shi ne ya fi sauƙi kuma shi aka fi sani. Ruwan kududdufi ko na ƙorama idan aka bar shi a rufe ya kwana, lakar takan kwanta da wani kaso na ƙwayoyin cutar, a tsiyaye na sama a hankali cikin wani mazubi, kuma idan ya kai kwana biyu cur a ajiye, tsutsar da ke haddasa tsargiya, wato fitsarin jini, takan mutu don kanta. Tacewa da ƙyalle kuwa dattawan yankin ba sa bukatar a koya musu, domin da ita aka yaƙi kurkunu. A ƙidayar da aka yi a ƙarshen shekarun 1980 an sami masu kurkunu fiye da 650,000 a Najeriya, amma da rabon matatan ƙyalle gida-gida da haƙa rijiyoyi, cikin aikin da Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon suka tsaya a kansa, aka ga na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da cutar daga ƙasar a 2013. Wani bincike da Rita Colwell ta jagoranta a ƙauyukan Bangaladash, wanda aka wallafa a 2003, ya nuna cewa tace ruwa da tsohon zanen mata da aka ninka sau huɗu ya rage kamuwa da kwalara da kusan rabi, saboda ƙwayar tana maƙalewa ne a jikin wasu ƙananan halittun ruwa da ƙyallen yake tarewa. Tsohuwar atamfa da ta sha wanki ta fi sabuwa kyau ga wannan aiki, muddin an ware ta don shi kaɗai, ana wanke ta ana shanya ta a rana, kuma ba a juya fuskar da ta tare dauɗa zuwa cikin ruwan. Amma rabi ba duka ba ne, kuma wanda ya tsaya a tacewa ya yi rabin aiki.

Inda ruwan ya yi ja sosai har kwanciya ba ta isa ba, akan nemi abin da zai tattara lakar ta dunƙule ta nutse. Alimun, wanda wasu ke kira alif, yana yin haka idan aka ɗan kaɗa gutsurensa a cikin bokiti aka cire, kuma shi ne ma'aikatun ruwa na birane suke zubawa da yawa a matakin farko. Zogale ma yana yi, kuma shi ba sai an je kasuwa ba, tunda da wuya a rasa shi a dangar gida. Akan ɓare busasshen irinsa, a daka farin ƙwayar ta yi laushi, a dama da ɗan ruwa mai kyau, a zuba a gauraya da ƙarfi na ɗan lokaci sannan a ci gaba a hankali, a bar shi kamar awa ɗaya, kuma ƙwaya ɗaya takan wadatar da kimanin lita ɗaya ta ruwa mai laka. Matan ƙauyukan Sudan da ke bakin Kogin Nilu sun daɗe da sanin wannan kafin masana su rubuta shi. Abin lura shi ne ruwan da zogale ya wanke ba ya son ajiya, domin ragowar garin abinci ne ga ƙwayoyin cuta, saboda haka a wuce da shi mataki na biyu a ranar.

Tafasawa ita ce mafi tabbas a cikin hanyoyin kashe ƙwayoyin cuta, domin ba ta barin ko ɗaya daga cikin masu haddasa gudawa, ba ta kuma damu da ko ruwan garau ne ko yana da sauran duhu ba. Sharaɗinta shi ne ruwan ya tafasa sosai yana juyawa na minti ɗaya, ba ya yi zafi yana ƙananan kumfa a gindin tukunya ba, sannan ya huce a rufe cikin tukunyar da aka dafa shi. Matsalarta a Faskari ko Sabuwa ita ce itace. Ƙiyasin da aka saba kawowa shi ne kusan kilo ɗaya na itace ga kowace lita, kuma dajin da ake samo itacen shi ne wurin da ake tsoro, ga shi 'yan mata da yara ne ake aikawa. Shawarar da ke cewa kowa ya tafasa duk ruwan shansa, idan ba ta dubi wannan ba, tana iya tura yarinya bakin hatsarin da ya fi gudawa muni. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne a keɓe tafasasshen ruwa ga waɗanda suka fi rauni, wato ƙananan yara da masu ciki da tsofaffi da marar lafiya, a kuma ɗora tukunyarsa a kan ragowar garwashin tuwon dare ko karan dawa maimakon hura sabuwar wuta. Tafasasshen ruwa yana da wani rauni na biyu da ba a cika faɗa ba: da zarar ya huce, babu abin da ke tsaronsa, hannu ɗaya marar tsabta ya isa ya mayar da shi yadda yake.

Wannan rauni shi ne ya sa sinadarin kulorin ya cancanci a daɗe a kansa. Kulorin shi ne abin da ke ba ruwan famfon birni ɗan warin nan da aka sani, kuma bambancinsa da sauran hanyoyi shi ne bayan ya kashe ƙwayoyin da ya tarar, wani ɗan kaso nasa yakan saura a cikin ruwan yana jiran duk wadda za ta shigo daga baya. Masana suna son wannan ragowar ta kasance tsakanin miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita, wanda a aikace yake nufin ɗan wari kaɗan da hanci zai ji bayan rabin awa. Yana zuwa a ruwa-ruwa cikin ƙaramar kwalba, kamar WaterGuard da ƙungiyar Society for Family Health ta yaɗa a Najeriya, wanda ake aunawa da murfinsa, yana kuma zuwa a ƙwaya kamar Aquatabs da ma'aikatan lafiya da ƙungiyoyin agaji suke rabawa lokacin annoba. Ƙwayoyin girma-girma ne, mai miligiram 67 an saba jefa ta a lita 20 ta ruwa garau, don haka wajibi ne a karanta abin da ke jikin takardar ko a sa wani ya karanta, a jefa, a girgiza, a rufe, a jira minti 30 cikakku. Idan ruwan yana da sauran duhu akan ninka ma'aunin, amma gara a tace tukuna, domin laka tana cinye kulorin tana kuma ba ƙwayoyin cuta maɓoya. Ga mai shirin tashi cikin gaggawa ƙwayar ta fi, saboda takan yi shekaru a cikin ledarta ba ta lalace ba, alhali na ruwa-ruwa yana rage ƙarfi da zafi da daɗewa, kuma ƙwayoyin da za su ishi gida wata guda za su shiga ƙullin bakin zane.

Kulorin yana da iyakarsa, domin akwai wasu ƙwayoyin gudawa masu kauri a jiki da ba ya iya kashewa a wannan ma'auni, amma kwalara da taifod, waɗanda su ne manyan masu kisa a cunkoso, ba sa jure masa. Babban abin da ke hana shi aiki a ƙauyuka shi ne ƙyamar warinsa da kuma zargin da wasu ke yi wa duk abin da aka kawo kyauta aka ce a zuba a ruwan sha. Wannan zargi ba a kawar da shi da faɗa, sai dai idan mai unguwa da liman da ungozoma sun sha a gaban jama'a. Inda babu kulorin na kwalba ko na ƙwaya, farin bilic na wanki wanda ba a sa masa turare ko sabulu ba yana iya tsayawa a madadinsu, ɗigo biyu a lita ɗaya idan ƙarfinsa ya kai kashi 5 cikin ɗari, sai dai tun da ƙarfin na kasuwa ya bambanta, ya fi kyau a nemi ma'aikacin lafiya ya nuna ma'aunin tun ana zaune lafiya. Akwai kuma garin P&G mai zuwa a ƙaramar leda ta giram 4, wanda ya haɗa aikin alimun da na kulorin wuri guda: a zuba a lita 10, a gauraya minti biyar, a bari dauɗar ta dunƙule ta kwanta, a tace da ƙyalle, a jira minti 20. Ga wanda ba shi da zaɓi sai ruwan tafki, babu kamarsa idan an same shi.

Rana ma tana kashe ƙwayoyin cuta, kuma ita ba a saye. Idan aka cika farar gorar roba irin ta ruwan kwalba ko lemo, wadda ba ta wuce lita biyu ba kuma ba ta dushe ba, da ruwa garau, aka kwantar da ita a kan rufin kwano awa shida cikin rana mai ƙarfi, hasken da zafin sukan gama da mafi yawan masu haddasa gudawa. Aftim Acra ne ya fara nazarin wannan a Jami'ar Amurka da ke Beirut a shekarun 1980, masana a Suwizalan suka inganta shi daga baya. Ranar da hadari ya rufe sama ko hazon hunturu ya yi kauri sai an kai kwana biyu, kuma a tsakiyar Agusta, lokacin da aka fi bukatarsa, shi ne lokacin da ya fi rauni, sai dai a lokacin akwai ruwan indararo, wanda yake da kyau idan aka bar zubin farko ya wanke rufin ya tafi. Matatun tukwane da na yashi suna da amfani ga gidan da ke zaune daram, amma ba kayan gudu ba ne.

Duk wannan ƙoƙari yana iya tashi a banza a taku na ƙarshe, kuma a nan ne gidajen Hausa suka fi yin asara ba tare da sun sani ba. Randa tana zaune a inuwar ɗaki ko gindin bishiya a kan ɗan yashi mai laima, ruwanta da sanyi saboda gumin da take yi ta jikinta, faifai ko murfin kwano a bakinta, moɗa a kife a sama. Yaro ya dawo daga bayan gida ko daga wasa a ƙasa, ya ɗauki moɗar, ya zura hannu har wuyan hannu saboda ruwan ya yi ƙasa, ya sha, ya mayar da ragowar, ya ajiye moɗar a ƙasa inda kaji ke kiwo, wani ya zo ya ɗauka. A gida mai mutum goma wannan yana faruwa sau da yawa kafin azahar, a ajin makarantar da iyalai biyar suke kwana kuwa ba ya ƙirguwa. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa ruwan da aka ɗebo da tsabta daga rijiyar burtsatse yakan fi ƙazanta a cikin gida fiye da yadda yake a bakin famfo. A wani sansanin 'yan gudun hijirar Mozambik da ke Malawi, a farkon shekarun 1990, raba bokiti mai murfi da bakin tsiyaya wanda hannu ba ya shiga ya rage gudawar yara 'yan ƙasa da shekara biyar da kusan kashi ɗaya cikin uku, ba tare da an ƙara wa ruwan komai ba.

Maganin wannan yana cikin kayan gida tun asali. Tulu, da ƙaramin bakinsa, ba ya barin hannu ya shiga, dole a karkata shi a tsiyaya, kuma jarka mai murfi haka take. Inda ba a son rabuwa da randa saboda sanyinta, wanda hakki ne a zafin Afrilu, sai a ware mata moɗa mai dogon hannu kamar ludayi, a rataye ta a ƙusa, a ɗiba da ita a zuba a kofi, kada baki ya taɓa ta, kuma babba ne zai riƙa ɗebar wa yara. Ya kamata a sani cewa kulorin yakan ƙare da wuri a cikin tukunyar ƙasa fiye da cikin roba, don haka ruwan randa na yini ɗaya ne, na ajiya kuwa jarka. Umurnin rufe ƙorai da ɗaure bakin salka da dare yana cikin ingantattun hadisai, kuma limamin da ya tuna wa jama'a wannan a huɗubar damina ya yi aikin asibiti.

Ita ma jarka tana da sharuɗɗanta. Wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir ba ta komawa ta ruwan sha, kuma mafi hatsari ita ce robar maganin ciyawa ko na ƙwari, wadda take ko'ina a ƙasar noma irin wannan, mai kyan murfi da daɗin riƙo, har yara sukan tafi da ita gona cike da ruwa. Dafin yana shiga jikin robar ne, wanki ba ya fitar da shi. Jarkar man girki kuwa tana yi idan aka wanke ta da sabulu da ruwan zafi, kuma koren gansakukan da ke fitowa a cikinta yakan fita idan aka zuba tsakuwa ƙanana da ruwan sabulu aka girgiza sosai, aka ɗauraye da ruwan kulorin. Ruwan ajiya a sa masa kulorin ranar da aka cika, a toshe, a ɗora a kan katako a inuwa nesa da taki da magungunan gona, kuma hanya mafi sauƙi ta hana shi tsufa ita ce a riƙa shan na farko ana cika na ƙarshe, yadda ake yi da hatsin rumbu. Fiya wata yana da amfani a ranar tafiya saboda ana iya rarraba shi a hannun kowa, amma ba ya son rana ko doguwar ajiya, kuma a duba lambar hukumar NAFDAC a wanke ledar kafin a kai baki. Ruwan 'yan garuwa, komai kyansa a ido, a ɗauke shi a matsayin wanda ba a gyara ba, tun da mai saye bai ga inda aka ɗebo ba, bai kuma ga cikin jarkunan ba.

Akwai gurɓatar da duk waɗannan hanyoyi ba sa taɓawa. A 2010 gubar dalma daga dakan duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, kuma ruwan da ya taru a ramin haƙar ma'adinai ko wurin wanke shi ba ya gyaruwa da wuta ko kulorin, hasali ma tafasawa ƙara tattara gubar take yi. Haka rijiyar da ke tsakiyar gonar da ake zuba wa takin zamani da yawa, wadda ruwanta kan cutar da jarirai. Irin wannan ruwa barinsa ake yi a nemi wani.

Jariri ɗan ƙasa da wata shida ba ya bukatar ruwa ko kaɗan idan yana shan nono, ko da a bazara ne, kuma a wurin cunkoso nonon uwa shi ne abin sha ɗaya tilo da babu shakka a kansa, don haka ruwan a ba uwar. Idan kuma gudawa ta riga ta kama wani, ruwan da aka gyara shi ne farkon magani: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko ledar gishirin asibiti idan akwai, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ba tsayawa ana kan hanyar zuwa asibiti, domin mai kwalara bushewar jiki ce ke kashe shi, wani lokaci cikin awoyi.

Ranar komawa gida ma tana da nata hatsarin, wanda murna kan sa a manta. Rijiyar da aka bari watanni ba a ɗiba, wataƙila damina ta wuce a kanta, ambaliya ta kwaso dauɗar masai da ta turke ta zuba, ko wata dabba ta faɗa ta ruɓe, ba a sha daga gare ta sai an yashe ta, an kwashe ruwan da lakar, an gyara bakinta ya ɗaga sama da ƙasa, an yi mata murfi, sannan ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma ko na hukumar RUWASSA mai kula da ruwan karkara a jihar su zuba mata kulorin mai ƙarfi, ta kwana, a sake kwashewa har warin ya ragu. Mai shiga yasa ya shiga da igiya a ƙugu da mutane a sama, bayan an bar rijiyar a buɗe ta sha iska, kuma kada a saukar da injin ban-ruwa mai fetur cikinta, domin hayaƙinsa yana taruwa a ƙasa ya kashe mutum kafin ya iya kira. Idan za a haƙa sabon masai, a nisanta shi da rijiyar kimanin mita 30, ta gangaren da ruwa ke bi ya bar ta. Guga ɗaya da igiya ɗaya za a ware mata, a rataye su a kan sanda maimakon a yar a laka, kuma har makonni bayan yasar, ruwan da aka ɗebo daga cikinta a ci gaba da jefa masa ƙwayar kulorin a jarka kafin a kai shi randa.